Kuɗin Ilimi: Da Wane Mudu Ake Awo?

Da wuya a tashi daga muhawarar makaranta ba a ji wani ɗalibi ya ce UNESCO ta umarci kowace ƙasa ta ware wa ilimi kashi 26 cikin 100 na kasafin kuɗinta ba. Mu ma mun sha faɗin haka lokacin muna sakandare a Tudun Wadar Zariya, har a tafa mana. Sai da muka shiga jami'a muka gane ma'aunin da aka amince da shi daban ne.

A shekarar 2015, a birnin Incheon na Koriya ta Kudu, ƙasashen duniya sun amince kowacce ta kashe wa ilimi kashi 4 zuwa 6 cikin 100 na ƙarfin tattalin arzikinta, wato darajar duk abin da ƙasa ta samar a shekara, ko kuma kashi 15 zuwa 20 na kuɗin da gwamnati ke kashewa.

Mudu biyu ke nan, kuma ba girmansu ɗaya ba. Ku ɗauki 'yan kasuwa biyu a kasuwar Tudun Wada. Mai samun naira dubu 100 a wata ya biya wa 'ya'yansa dubu 10 kuɗin makaranta, mai samun miliyan ɗaya ya biya dubu 30. Na biyun ya fi kashe kuɗi, amma na farkon ya fi ƙoƙari. Shi ya sa ake kwatanta ƙasashe da abin da suke samu.

A kasafin 2024, Gwamnatin Tarayya ta tsara ba ilimi kimanin naira tiriliyan 2.18, kusan kashi 8 na kasafin. Idan aka auna da tattalin arzikin Najeriya, bai kai kashi 1 ba. Afirka ta Kudu kuwa tana kashe kusan kashi 6. Sai dai a yi adalci: yawancin makarantun firamare da sakandare na jihohi da ƙananan hukumomi ne, dole a haɗa da nasu kuɗin kafin a yanke hukunci.

Waɗannan alƙaluma su ne ke komawa benci, alli, albashin malami da kayan ɗakin gwaje-gwaje. Don haka in kun ji an ce an ba ilimi kashi kaza, ku tambaya: kashi kaza na me? Kuma nawa ne ya iso ajinku?