Tabon Ƙuruciya da Jinyar da Ke Komawa Inda Ciwon Ya Faro

Idan wani mummunan abu ya sami yaro a gidajenmu, ko an yi masa dukan kawo wuƙa, ko an kashe mahaifinsa a gaban idonsa, ko wani babba ya lalata shi, akwai maganar da manya kan yi don hankalin kowa ya kwanta: yaro ne, zai manta. Da kyakkyawar niyya ake faɗinta. Sai dai binciken da likitoci suka shafe kusan shekara talatin suna yi ya nuna ba haka lamarin yake ba. Yaron yakan yi shiru, ya koma wasa, ya girma, har ya ajiye iyali, alhali abin yana nan tare da shi, yana fitowa ta rashin barci, ta zafin zuciya, ta shaye-shaye, wani lokaci ma ta cutar da sai an kwanta asibiti.

A shekarar 1985 wani likita mai suna Vincent Felitti yana kula da sashen rage ƙiba a asibitin Kaiser Permanente da ke San Diego a Amurka. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, da yawa daga cikin masu daina zuwa su ne waɗanda maganin yake yi wa aiki, nauyinsu yana raguwa. Da ya zauna da su ɗaya bayan ɗaya, sai ya tarar da yawansu an yi lalata da su tun suna ƙanana, kuma ƙibar ta zame musu kariya daga idon mutane. Daga nan ya haɗa kai da Robert Anda na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, suka yi wa manya fiye da 17,000 tambayoyi tsakanin 1995 da 1997 game da ƙuruciyarsu: duka, zagi da wulaƙanci, lalata, rashin kulawa, ganin ana dukan uwa, zama da mashayi ko mai taɓin hankali, rabuwar iyaye, ɗaure wani ɗan gida a kurkuku. Sakamakon ya fara fitowa a 1998. Kusan biyu cikin uku sun ɗanɗani aƙalla ɗaya daga cikin waɗannan, kuma kimanin mutum ɗaya cikin takwas ya haɗa huɗu ko fiye. Waɗanda suka haɗa huɗun, haɗarin zama mashayan giya ya ninka musu kusan sau bakwai, na yunƙurin kashe kai kuwa kusan sau goma sha biyu. Ciwon zuciya, ciwon hanta da na huhu ma suna ƙaruwa gwargwadon yawan abin da mutum ya sha yana yaro. Mutanen da aka tambaya yawancinsu masu ilimi ne, masu aikin yi da inshorar lafiya, don haka ba za a ɗora abin a kan talauci ba.

Wannan lissafi na jama'a ne, ba hukunci a kan mutum ɗaya ba, kuma Anda da kansa ya yi gargaɗi a 2020 cewa kada a mayar da shi ma'aunin makomar wani. Yara da yawa sukan warware, musamman wanda ya sami babba guda da ya tsaya masa, kaka ce ko gwaggo ko malami. Maganarmu a nan a kan waɗanda ba su warware ba ce.

Idan mutum ya fuskanci haɗari, wani ƙaramin sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala yakan tayar da jiki: zuciya ta yi sauri, numfashi ya ɗaga, sinadaran adirenalin da kotizol su kwarara cikin jini. Haɗari na wucewa, jiki ya lafa. Yaron da abin tsoronsa yake kwana gida ɗaya da shi ba ya samun wannan lafawar, sai jikinsa ya saba da zaman ko-ta-kwana tun ƙwaƙwalwarsa ba ta gama ginuwa ba. Haka kuma abin da ya faru cikin tsananin firgita ba ya ajiyuwa kamar sauran labarai masu farko da ƙarshe. Gutsi-gutsi yake zama: wari, ƙara, nauyin hannu a wuya, ba rana ba wata. Shi ya sa ƙarar babura da dare za ta iya mayar da wanda 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu yana ɗan shekara takwas cikin wancan daren, gabansa na faɗuwa kamar yanzu abin yake faruwa. Mai wannan hali yakan guji duk abin da zai tuna masa. Gudun yana ba shi sauƙi na ɗan lokaci, amma shi ne yake hana ƙwaƙwalwa gane cewa haɗarin ya wuce.

Likitar ƙwaƙwalwa Judith Herman ta nuna a 1992 cewa wanda aka daɗe ana cutarwa a inda ba shi da mafita, ciwonsa ya zarce mafarkin tsoro da razana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi wannan a sabon kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022, inda ta ƙara alamomi uku: kasa riƙe fushi ko baƙin ciki, ganin kai a matsayin banza ko mai laifi, da kasa yarda da mutane ko zama da su. A wurinmu irin wannan mutum sunaye da yawa yake sha. A ce mugun hali gare shi, a ce iska ce ta taɓa ta, a ce ba ta iya zaman aure ba. Shi kuma yana yawo daga kemis zuwa kemis da ciwon kai da faɗuwar gaba, ba wanda ya taɓa tambayarsa me ya same shi yana yaro.

Kada a ɗauka matsalar ta Turawa ce. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF da CDC ya gano cewa kimanin yara shida cikin goma a Najeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18. Yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma an ci zarafinsu ta hanyar lalata, kuma waɗanda suka sami taimako ba su kai kashi biyar cikin ɗari ba. A ƙara da yaƙi. Wanda yake ɗan shekara biyar lokacin da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, yau ya haura ashirin. Ga ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 da aka sace a Disambar 2020, ga 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, ga yaran Kuriga a Maris na 2024. Sun dawo gida, an yi murna, an yi addu'a, kuma hakan daidai ne. Amma dawowa gida ba ita ce warkewa ba.

Jinyar da irin waɗannan yara suke buƙata ta bambanta da nasiha. Nasiha takan ce a yi haƙuri, a bar tuna baya. Ita kuwa wannan jinya baya take komawa da gangan, cikin tsari, tare da wanda ya san aikin. Kamar ƙayar da ta karye a tafin ƙafa ce: fata ta rufe, mai ita yana ɗingishi, shafa mai a sama ba ya hana ta suka, sai an buɗe wurin da hannu mai tsabta an zare ta.

Hanyar da aka fi gwadawa a kan yara ita ce TF-CBT, wadda Judith Cohen, Anthony Mannarino da Esther Deblinger suka tsara a Amurka. Yawanci zama goma sha biyu zuwa sha shida ne, sau ɗaya a mako. Ba a farawa da labarin. Ana fara bayyana wa yaro cewa fitsarin kwance da mafarkin tsoro da yake yi ba hauka ba ne, haka jiki yake yi bayan firgita. A koya masa jan numfashi a hankali, da sakin jiki, da gane sunan abin da yake ji a ransa. Sai ya sami waɗannan a hannu sannan a shiga labarin, kaɗan-kaɗan, da baki ko a rubuce ko da zane, ana maimaitawa har ya iya bin sa daga farko zuwa ƙarshe ba tare da jikinsa ya ɗauki rawa ba. A cikin labarin ne ake tsinto tunanin da ke cin sa: laifina ne da na bi shi, da na yi ihu da ba a kashe Baba ba, na lalace ba mai aurena. Mai jinya ba ya musa masa kai tsaye, tambaya yake yi har yaron ya gano da kansa cewa ɗan shekara bakwai ba shi da ƙarfin hana ƙato.

Abin da ya fi burge ni a wannan hanya shi ne matsayin da ta ba iyaye. Uwa ko uba ko mariƙin da ba shi da hannu a cutar yana nasa zaman daban, ana shirya shi, domin shi ma yana ɗauke da nasa baƙin cikin da kunyar. A ƙarshe sai a haɗa su, yaron ya karanta labarinsa a gabansa, shi kuma ya saurara ba tare da ya rushe da kuka ko ya hau faɗa ba, ya ce masa na yarda da kai, ba laifinka ba ne. A al'adar da ake cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, inda rufin asirin gida yakan rinjayi kukan yarinya, wannan zama guda yana da nauyi ƙwarai. Rufin asiri abu ne mai kyau idan wanda aka zalunta yake karewa. Idan azzalumi yake karewa, ya zama ƙarin zalunci.

Hanya ta biyu don 'yan gudun hijira aka tsara ta, kuma a Afirka ta fara nuna ƙarfinta. Maggie Schauer, Frank Neuner da Thomas Elbert na Jami'ar Konstanz a Jamus ne suka fito da ita, ana kiranta NET. Sun lura cewa ɗan gudun hijira ba abu ɗaya ne ya same shi ba, ba za a ce ya zaɓi mafi muni a yi aiki a kansa ba. Sai a shimfiɗa igiya a ƙasa a matsayin rayuwarsa, bakin farko ranar haihuwa, ɗaya bakin a bar shi a naɗe saboda kwanakin da ke gaba. Ya ɗora dutse a kan kowane mugun abu, fure a kan kowane abin farin ciki, bi da bi. A zaman da ke biye ana bin igiyar, a daɗe a kan kowane dutse: ina ne, wace shekara, damina ce ko rani, me ka gani, me ka ji a jikinka a lokacin, me kake ji yanzu. Da haka gutsattsarin suke samun wuri da lokaci, su koma abin da ya wuce. Mai jinya yana rubutawa, a ƙarshe a karanta wa mutum tarihinsa a miƙa masa. A sansanin Imvepi da ke arewacin Yuganda an gwada ta a kan 'yan gudun hijirar Sudan, aka buga sakamakon a 2004: bayan shekara guda, kashi 29 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa NET ne suke da sauran ciwon, alhali a cikin waɗanda aka ba shawara da lallashi kawai, kashi 79 suna nan da shi. Daga baya an yi amfani da ita a kan yaran da aka tilasta wa ɗaukar makami a arewacin Yuganda. Mutanen da suka tashi da tatsuniya da ba da tarihi da baki ba za su ga baƙuntar wannan hanya ba.

Akwai ta uku, EMDR, ta Francine Shapiro, wadda ta fara bayyana a ƙarshen shekarun 1980. Mutum yana riƙe da abin a ransa yana bin yatsan mai jinya da ido dama da hagu. Masana suna jayayya a kan ko motsin idon ne yake aikin, amma sakamakonta ya isa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2013 tare da TF-CBT. Amfaninta a wurinmu shi ne ba ta buƙatar a faɗi komai dalla-dalla, abin da zai sauƙaƙa wa wadda kunya ta ɗaure wa harshe. A jagorar da ta fitar a wannan shekarar ne hukumar ta ba da shawarar kada a ba da ƙwayoyin kwantar da hankali irin su diyazefam a watan farko bayan abin firgita.

Dole a faɗi iyakar abin. Ba a fara buɗe labari alhali yaro yana kwana gida ɗaya da mai cutar da shi. Tsaro ne farko. Ba a tilasta wa kowa magana, kuma tara yaran da aka ceto a sa su ba da labari a gaban jama'a ko 'yan jarida ba jinya ba ce, yana iya ƙara ciwo. A makonnin farko wasu sukan ji abin ya tsananta kafin ya sauka, wasu su daina zuwa. Wanda ya kammala ma ba mantawa yake yi ba, tunawar ce take daina kayar da shi. Addu'a da tawakkali kuwa ba su saɓa da wannan ba, kamar yadda ba su saɓa da ɗorin karaya ba, kuma limamin da ya san alamomin zai iya zama mutum na farko da zai ce a kai yaro wurin masana.

Saura tambayar wa zai yi aikin. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutane fiye da miliyan 200, kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na Kaduna, Maiduguri, Kware da Dawanau sun yi wa mutumin ƙauye nisa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta buɗe ƙofa, kuma gidauniyar Neem ta Dakta Fatima Akilu ta nuna a Borno cewa ana iya kai masu ba da shawara har cikin unguwanni a keke napep. Hujja mafi ƙarfi daga Zambiya ta zo. A Lusaka an horar da mutanen gari waɗanda ba likitoci ba, suka yi wa marayu da yara masu rauni TF-CBT, a gwajin da ya ƙunshi yara 257 da aka buga a 2015. Alamomin ciwon sun ragu da kusan kashi 82 cikin ɗari, a rukunin da ba a yi wa wannan jinya ba kuwa da kashi 21 kacal. A garin Beni na gabashin Kongo ma an yi ta a rukuni ga 'yan matan da yaƙi ya ɗaiɗaita, ta yi aiki.

Masu jinyar Lusaka ba taron bita na kwana biyu aka yi musu aka sallame su ba. Bayan horo, suna da masu duba aikinsu a kai a kai, su kuma masu dubawar suna da ƙwararrun da suke komawa gare su. Jihar da take son yi wa yaranta wannan aiki tana da ma'aikatan jinya, malaman makaranta da jami'an jin daɗin jama'a da za a iya horarwa da Hausa, Kanuri da Fulatanci. Abin da zai ci kuɗi shi ne albashinsu, ɗakin da za a rufe ƙofa a yi magana ba mai ji, da ƙwararren da zai riƙa bin kowace jinya mako-mako har a kai zama na ƙarshe.