Matsayin Yoga Mai Sauƙi Wajen Jinyar Shanyewar Ɓarin Jiki

Shanyewar ɓarin jiki cuta ce da ke aukuwa idan jini ya daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko dai saboda jijiya ta toshe, ko kuwa ta fashe. Hawan jini shi ne babban abin da ke jawo ta. Da yake ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa dama na jiki, na dama kuma ke sarrafa hagu, shi ya sa akan ga hannu da ƙafa na gefe guda sun mutu. Wannan maƙala za ta duba irin gudummawar da yoga mai sauƙi ke bayarwa wajen farfaɗo da majinyaci, da kuma inda ƙarfinta ya tsaya.

Ita dai yoga asalinta daga ƙasar Indiya take, kuma kalmar daga harshen Sansikirit ta fito, tana nufin haɗawa. A can tana da alaƙa da addinin Hindu, amma wadda ake yi a asibitoci motsa jiki ce zalla: miƙa gaɓoɓi a hankali, daidaita numfashi, da tattara hankali wuri guda. A shekarar 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 21 ga watan Yuni don tunawa da ita.

Dalilin da ya sa masu gashin ƙashi suka waiwaye ta shi ne, ƙwaƙwalwa tana iya buɗe sababbin hanyoyi a madadin waɗanda suka lalace, muddin ana maimaita motsi. Galibi sauƙin yakan fi sauri a watanni 3 zuwa 6 na farko. Bayan nan sai a sallami majinyaci ya koma gida, alhali tsayuwarsa ba ta daidaita ba. Tsoron faɗuwa sai ya zaunar da shi, zaman kuma ya ƙara sandarar da gaɓoɓinsa, sandarewar ta ƙara masa tsoro. Wannan zagaye ne ake so yoga ta katse.

Yadda ake yinta kuwa mataki-mataki ne. Da farko majinyaci yana zaune bisa kujera, tafin ƙafafunsa a ƙasa, yana shaƙar iska yana fitarwa a natse, hannun mai lafiya yana ɗaga wanda ya shanye. Daga nan sai ya miƙe yana dafe da kujera ko bango, yana koyon ɗora nauyinsa a kan ƙafar da ta raunana. Sai ya ƙware a wannan sannan a sauko da shi kan tabarma. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa.

To, me bincike ya nuna? A shekarar 2012 Arlene Schmid da abokan aikinta a jihar Indiyana ta Amurka sun buga sakamakon gwajin da suka yi da mutum 47, waɗanda suka haura wata 6 da kamuwa. Waɗanda suka yi yoga sau biyu a mako har mako 8 tsayuwarsu ta ƙara daidaita, tsoron faɗuwa kuma ya ragu. Sai dai a shekarar 2017 manazartan Cochrane sun tace gwaje-gwajen da aka yi, suka sami guda 2 kacal da suka cika sharuɗɗa, masu ɗauke da mutum 72. Hukuncinsu shi ne hujjar ba ta kai a yanke magana ba tukuna.

Akwai kuma hatsari idan aka yi ta da ka. Bai dace mai wannan lalura ya riƙa tsayuwa ƙafa sama kai ƙasa ba, ko murɗa wuya da ƙarfi, ko riƙe numfashi, domin waɗannan suna iya tayar da hawan jini ko su ji wa jijiyoyin wuya rauni. Wajibi ne likita ya amince kafin a fara, kuma a sami mai tsayawa kusa.

A taƙaice, yoga mataimakiya ce ga gashin ƙashi da maganin hawan jini, ba ta maye gurbinsu. Amfaninta shi ne ba ta bukatar na'ura, kujera da bango sun wadatar. Iyalin da suka fahimci haka za su iya taimaka wa majinyacinsu ya sake takawa zuwa ƙofar gida da ƙafarsa.