Rabon Mai Sauraro a Cikin Tsohuwar Waƙa

A Bacirawa da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da ita a arewacin Kano, inda gona ke manne da gona har babu saurar da za a bari ta huta, tsofaffin waƙoƙi ta kunne suke shiga gida, ba ta takarda ba. Bayan kaka, idan an ɗaure gero an cika rumbu, makaho kan tsaya a ƙofar gida, hannunsa a kafaɗar ɗan jagora, ya ɗauko Imfiraji ta Aliyu Namangi yana rerawa. Matar da ke tankaɗe a tsakar gida ta dakata, rariya a hannu, sai ya kai ƙarshen baiti sannan ta aiko yaro da ƙoƙon hatsi. Watan Mauludi kuma zauruka su ɗauka da Ishiriniya har tsakar dare. Baiti ɗaya ne a kan mutuwa, amma abin da mai takaba ta ji a cikinsa daban, abin da magidancin da ya ci gadon ƙannensa ya ji daban. Masu ilimi da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin motsin zuciya kawai, su ce fahimtar waƙa tana wurin wanda ya san nahawu da arulli. Ni kuwa ina ganin abin da waƙa ta yi wa mai sauraro wani yanki ne na ma'anarta, kuma magabatanmu sun san haka, har sun yi masa ƙa'ida.

A fara duba dalilin da ya sa aka yi waƙoƙin. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun iya Larabci iyakar iyawa, sun kuma rubuta littattafai masu yawa da shi. Da malamai kaɗai ake nufi, da ba a wahala wajen tsara baitoci da Fulatanci da Hausa ba. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa 'Yan Taru: ta naɗa wa jajoji, wato jagororin mata, malafa, su koyi waƙa a wurinta, su koma ƙauyukansu su koya wa matan da ba su taɓa riƙe alƙalami ba. Waƙar da aka yi don a rera ta ana kaɗi ko niƙa, ba a yi ta don a tsaya ana jiran mai sharhi ba. Ana so ne ta shiga jikin mace, ta tuna mata da salla, da haƙƙin maƙwabci, da kabari, ta yadda gobe halinta zai canza. Ke nan idan tsohuwa a Bacirawa ta ji wa'azi cikin waƙa ta ɗauka da ita ake, ba ta yi wa mawaƙin shisshigi ba. Abin da ya nema ne ya samu.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce tahamisi, kuma abin mamaki ne yadda ba a cika kawo ta a wannan muhawara ba. Mutum ya sami waƙar wani mai ƙwar biyu, ta kama shi, ya kasa rabuwa da ita. Maimakon ya rubuta sharhi a gefen takarda, sai ya shiga cikin waƙar da kansa: a gaban kowane baiti ya ƙara ɗango uku nasa, ta koma ƙwar biyar. Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukan Kano haka take. Asalinta na Alfazazi ne, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, wanda ya tsara baiti ashirin-ashirin na begen Annabi a kan kowane harafi. Amma abin da ke hannun almajiranmu yana haɗe da tahamisin Ibnu Muhibbu, har yawancin masu rerawa ba sa rarrabe inda maganar ɗaya ta tsaya ta ɗayan ta fara. Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi wa waƙar begen da yayansa ya tsara da Larabci tahamisi. Tabbat Haƙiƙa kuwa ta bi ta hannu uku a gida ɗaya: Shehu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan masu ƙari mai karatu ne da ya faɗi abin da waƙar ta tayar masa, kuma al'umma ba ta ce ya ɓata ta ba. Ta karɓi muryarsa ta haɗa da ta mai asali, ta ci gaba da haddacewa. Sai dai a lura da sharaɗin. Mai tahamisi ba shi da ikon taɓa kalma ɗaya ta mawaƙin farko. Dole ya bi karinsa, dole ɗangogin da ya ƙara su yi amsa-amo da ɗangon farko na baitin asali, dole kuma maganarsa ta gangara ta faɗa cikin maganar mai waƙa ba tare da tuntuɓe ba. Kamar mai aron gona ne: zai shuka abin da ya ga dama, amma ba zai matsar da iyaka ba.

Malaman zaure suna da ƙorafi a nan, kuma ƙorafin yana da nauyi. Sukan ce ilimi daga bakin malamai ake ɗaukarsa, wanda ya sa zuciyarsa ta zama malaminsa kuwa ya kama hanyar ɓata. Gaskiya ne harshen waɗannan waƙoƙi ya yi mana nisa. Larabcin Alfazazi yakan ba ma wanda ya sauke littattafai wuya. Hausar ƙarni na 19 cike take da Sakkwatanci da kalmomin fiƙihu da tauhidi waɗanda Bakanon yau bai saba da su ba, ga kuma kurakuran masu kwafar ajami da na masu mayar da shi boko. Shi ya sa karatun zaure yake tafiya a hankali: ɗalibi ya durƙusa da 'yan warƙoƙinsa, ya ja kalma biyu ko uku, malam ya ba shi fassara, ya sake ja, a sake ba shi, wani lokaci baiti biyar su cinye zaman safiya. Wanda ya tsallake wannan ya ce shi dai abin da ya ji a ransa ya ishe shi, zai iya gina tunani mai tsawo a kan kalmar da bai ma ji daidai ba. Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Inda na rabu da masu ƙorafin shi ne zaton cewa da an gama fassarar kalmomi an gama da waƙa. Da haka ne, da wanda ya sauke Ishiriniya sau ɗaya bai sake komawa kanta ba, tunda ya riga ya san abin da kowace kalma ke nufi. Amma dattijon da ya karantar da ita shekara da shekaru shi ne za ka ga muryarsa ta sarƙe a wani baiti da ya wuce bara lafiya lau. Kalmomin ba su canza ba. Shi ne ya binne ɗa, ko ya je Madina ya dawo. Fassara tana kai mutum bakin ƙofa ne, kuma su kansu malaman sun san abin da suke kira shauƙi ba a cikin ƙamus yake ba.

Ƙorafi na biyu ya fi wannan kaifi: idan aka ce kowa yana da rabo a ma'ana, ai kowa zai ja waƙa ta koma gefensa. Wannan ya faru, ba zato ba ne. Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, jigo ne a NEPU, jam'iyyar da ta yi fice wajen adawa da mulkin sarakuna da 'yan dokarsu. Amma a waƙarsa ta Arewa Jamhuriya ko Mulukiya bai nemi a rushe sarauta ba. Ya gargaɗi Arewa game da jamhuriya, ya kuma gargaɗi sarakuna cewa in ba su gyara ba, abin da ya sami sarakunan Indiya zai same su. Saboda haka mai kare sarauta yana da baitocin da zai ɗauko, mai sukarta ma yana da nasa, kowa ya rera rabinsa ya yi shiru a kan sauran. To, a nan ne ƙa'idar tahamisi take aiki. Ba a hana mutum ya ce wannan baiti ya taɓa ni saboda kaza. Abin da ake nema shi ne maganarsa ta iya zama kusa da sauran baitocin ba tare da sun ƙaryata shi ba. Wanda ya ce Zungur makaɗin fada ne, waƙar da kanta za ta tashi ta kunyata shi, haka ma wanda ya ce ya yi kiran a tumɓuke rawani. Amma manomin da birni ya cim ma gonarsa, aka yanka ta filoti-filoti aka ba shi abin da bai taka kara ya karya ba, in ya ji Tabbat Haƙiƙa tana yi wa azzaluman masu mulki da alƙalai masu cin hanci gargaɗin wuta, ya ce da halin da yake ciki ake, ba wanda zai ce ya yi wa Shehu ƙage. Shehu bai san ƙauyensa ba, amma zaluncin da ya ambata shi ne dai wannan, kuma babu baiti ɗaya a waƙar da zai musa wa manomin.

Makarantar boko ta zo da nata salon. Tun daga shekarun 1970 masana irin su M.K.M. Galadanci suka nuna yadda karin rubutacciyar waƙar Hausa yake hawa ma'aunin arullin Larabci, Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero kuma ya shimfiɗa hanyar feɗe waƙa da ɗalibai ke bi har yau: jigo, warwarar jigo, zubi da tsari, salo da sarrafa harshe. Kayan aiki ne masu kyau, sun kuma ɗaga darajar waƙarmu a idon waɗanda da suke raina ta. Matsalar ita ce abin da jarrabawa ta mayar da su. Yaron sakandare da zai zauna WAEC ko NECO yakan haddace cewa jigon waƙa kaza wa'azi ne, amsa-amonta kaza, ya ci makinsa, alhali ko sau ɗaya ba a rera masa ita ba, ba a kuma tambaye shi wane baiti ne ya tsaya masa a rai ba. Kakarsa da ba ta san kalmar jigo ba ta fi shi kusa da Namangi. Ba rage nazari nake nema ba. Malamin Hausa zai iya ba ɗalibai baiti biyu na Mu'azu Haɗeja ko Aƙilu Aliyu ya ce kowa ya yi musu tahamisi. Yaron da ya gwada zai gane kari da kunnensa, zai gane amsa-amo da gumin goshinsa, kuma dole ya fahimci abin da mawaƙin ke faɗa kafin ya iya sa bakinsa. Ƙungiyoyin mawaƙa na Kano, irin Hikima ta Mudi Sipikin, da irin wannan cuɗanya suka rayu: a rera, a saurara, a mayar da martani da wata waƙar, har ta kai ga gidan rediyo.

Abin da ya fi damuna a yau ba yawan masu faɗin ra'ayinsu ba ne. Tsofaffin waƙoƙin yanzu a guntu-guntu suke yawo. Baiti ɗaya ake yankowa a tura ta WhatsApp ko a liƙa a Facebook, sau da yawa ba sunan mai shi, wani lokaci ma da sunan wani. Makahon da ke tsaye a ƙofar gida yakan rera baitoci masu yawa a jere, mai sauraro ya ji inda maganar ta taso da inda ta dosa. Mai waya kuwa ɗango biyu ya gani, sauran da za su gyara masa fahimta ba su zo hannunsa ba. Ƙananan littattafan da kamfanin Gaskiya da NNPC suka buga a Zariya, na Imfiraji da na Mu'azu Haɗeja da Fasaha Aƙiliya, sun yi wuyar samu a wajen birane, makafi masu haddar dogayen waƙoƙi kuma tsufa yana cim musu. Wayar da ta kawo yankan ita ce kuma za ta iya ɗaukar muryoyinsu, waƙa sukutum daga basmala har tammat, in an sami masu zuwa ƙauyuka irin Bacirawa su zauna da su kafin damina ta raba hankalin kowa.