Yadda Ake Ƙera Ƙaramin Shafin Intanet Don Nishaɗi

Shafin intanet rubutu ne da aka ajiye a cikin wata kwamfuta, wanda mutum zai iya buɗewa ya karanta daga wayarsa ko da yana nesa. Mutane da yawa suna tsammanin sai babban kamfani ko ma'aikatar gwamnati ke iya yin irin wannan shafi. Ba haka ba ne. Akwai dubban ƙananan shafuka waɗanda mutum ɗaya ya zauna ya yi da hannunsa don abin yana ba shi sha'awa kawai, kamar yadda wani yake kiwon tantabaru, wani kuma yake zama a inuwa yana yin dara. An shirya wannan bayani ne domin ɗaliban karatun manya na Dogon Kiriya da sauran garuruwan Arewa, a gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, musamman waɗanda suka riga suka iya haɗa baƙaƙe, kuma akwai babbar waya a gidansu.

Me ya haɗa wannan da karatun manya?

Malaman yaƙi da jahilci sun san wata matsala da ke damun ɗalibansu. Da rani ake yin karatu. Idan damina ta faɗi, kowa ya tafi gona. Bayan kaka kuma samari su tafi ci-rani. Wanda ya yi wata shida ko bakwai bai riƙe alƙalami ba, sai ya tarar da rabin abin da ya koya ya gudu. Karatu yana zama ne a kan mutumin da yake da dalilin yin amfani da shi kullum. Ƙaramin shafi yana ba da wannan dalili, domin mai shi zai so ya gyara kuskure, ya ƙara layi, ya nuna wa abokansa.

Kada kuma a raina aikin da aka fara da wasa. A shekarar 1991, wani ɗalibin jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, ya fara rubuta wata manhaja don sha'awar kansa. Ita ce ta zama Linux, kuma a kanta aka gina Android, tsarin da ke tafiyar da yawancin manyan wayoyin da ke hannun mutane a kasuwanninmu. A shekarar 2021 kuma, wani mutum mai suna Josh Wardle ya yi wa abokiyar zamansa wasan cankar kalma. Shafi ɗaya ne tak: kalma ɗaya mai harafi 5 a kowace rana, mai wasa kuma yana da damar gwaji sau 6. Ya sa masa suna Wordle. A watan Janairu na 2022 jaridar New York Times ta Amurka ta saye shi.

Amma a faɗi gaskiya, irin waɗannan ba su da yawa. Mafi yawan ƙananan shafuka ba sa kawo ko dala. Wanda ya shiga aikin da niyyar yin arziki zai gaji tun kafin ya iya.

Kayan aiki da yadda ake farawa

Ba dole sai da kwamfuta ba. Wayar Android ta isa, idan an sa mata manhajar rubutu wadda ke iya ajiye fayil da sunan da mutum yake so. Ranar da za a ɗauko manhajar ce kaɗai ake bukatar intanet. Bayan haka ana iya yin aikin duka ba tare da an sayi mega ba.

Ana rubuta shafi ne da wasu alamomi da ake kira HTML. Wani Baturen Ingila mai suna Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro su, lokacin da yake aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da birnin Janeba, shafin farko na duniya kuma ya fito ga jama'a a 1991. Alamomin suna gaya wa waya matsayin kowane rubutu. Ana buɗe alama kafin rubutun, a rufe ta a bayansa. Ga misali:

<h1>Garuruwan Arewa</h1>
<p>Dogon Kiriya, Matankari, Sukukutan, Ɗan Kasari, Gesheme, Kore Mai Ruwa.</p>

Layin farko kan magana ne, shi ya sa zai fito da manyan baƙaƙe. Na biyu kuwa sakin layi ne. Ku lura da ƴar sandar da ta karkace a cikin alamar rufewa. Idan aka manta da ita, wayar ba za ta san inda kan magana ya ƙare ba, sai rubutun da ke biye ya kumbura shi ma. Wannan shi ne kuskuren da kusan kowane sabon shiga yake yi, gyaransa kuma bai wuce ƙara sandar ba.

Idan kun gama, ku ajiye fayil ɗin da suna wanda ya ƙare da .html, misali arewa.html. Sai ku buɗe shi da Chrome ko wata manhajar duba shafuka. Abin da kuka gani, shi ne shafinku. Launi da ado suna da nasu alamomin, ana ce musu CSS. Lissafi da wasanni kuma ana yin su da JavaScript. Waɗannan sai daga baya, bayan hannu ya faɗa.

Baƙaƙe masu lanƙwasa

A nan ne mai rubuta Hausa ya kamata ya natsu. Hausa tana da baƙaƙe masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Idan aka bar lanƙwasar, ma'ana tana iya canjawa. Ƙafa da kafa ba ɗaya ba ne, haka ma ɓata da bata, ko ɗaki da daki. Sabon mai karatu, wanda yake bin kalma harafi bayan harafi, shi ne ya fi shan wahala idan aka rubuta masa Hausa babu lanƙwasa. A ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar, wadda aka tsayar a 1999, ana rubuta ƴa da ƴaƴa da harafin ƴ. A Najeriya kuwa an fi rubuta 'ya da 'ya'ya. Duka biyun daidai ne, amma ku zaɓi ɗaya ku tsaya a kansa, wanda kuka koya a aji ya fi.

Allon rubutu na Gboard yana da Hausa a cikin harsunansa, kuma waɗannan baƙaƙe suna ciki. Sannan ku sa wannan layi a can saman fayil ɗin, kafin komai:

<meta charset="utf-8">

Idan babu shi, wata wayar tana iya nuna wasu alamomi marasa ma'ana a wurin ƙ da ɗ.

Me za a sa a cikin shafin?

Abin da kuka sani, wanda wani bai rubuta ba. Labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899, ya shiga duniya ta littafin da Abdoulaye Mamani ya wallafa da Faransanci a 1980, da fim ɗin da Med Hondo ya yi a 1986. Amma yadda tsofaffin Arewa suke ba da labarin garuruwansu da bakinsu, da sunayen rijiyoyi da fadamu, da sunayen irin hatsi da wake da ake shukawa a kan tudu da cikin kwari, yawancinsu suna cikin kawunan mutane ne kawai. Ɗalibin da ya zauna da kakarsa ya rubuta kacici-kacici goma, ya yi abin da babu wani kamfani da zai zo ya yi masa. Sai dai a nemi izinin mai labari tukuna, domin akwai al'amuran gargajiya da masu su ba sa so a baza.

Mai son lissafi yana iya yin shafin awo. A ce buhu yana cin tiya 40, tiya kuma tana kan sefa 600. Shafin zai nuna cewa buhu ya kama sefa 24,000, idan an canja kuɗin tiya kuma ya sake lissafi nan take. Ƙungiyar mata masu adashi ko masu kula da bankin hatsi za su ga amfanin irin wannan. Wanda kuma yake son rubutu amma ba ya son wahalar alamomi, akwai Wikipedia ta Hausa, wadda masu aikin sa-kai suke rubutawa, kuma ƙofarta a buɗe take ga kowa.

Ku rage hotuna. Shafi mai rubutu zalla bai wuce ƴan kilobait ba, amma hoto ɗaya na waya yana iya kai mega biyu ko uku, mega ɗaya kuwa kilobait dubu ne. A ƙauyen da layi yake zuwa yana ɗaukewa, shafi mai nauyi ba zai buɗe ba, mai karatu kuma ya yi asarar kuɗinsa.

Rabawa da kiyayewa

Ana iya tura fayil ɗin daga waya zuwa waya ta Bluetooth, ko ta WhatsApp, ko a katin ajiya. Idan ana so kowa a duniya ya gani, sai a ɗora shi a wurin da ke karɓar shafuka kyauta, irin su Neocities ko GitHub Pages. Za a nemi adireshin imel da kalmar sirri. Umarnin wuraren nan da Turanci yake, saboda haka ku nemi taimakon malamin ajinku ko wani ɗan makaranta da kuka amince da shi, amma kalmar sirrin ta zauna a wurinku.

Abin da aka ɗora a intanet kowa yana iya kwafarsa. Kada ku sa lambar wayar wani, ko hoton matar wani ko na ƴaƴansa, ko sunayen waɗanda ake bi bashi a adashi. Kada ku rubuta zargi a kan kowa. Idan wani ya aiko da saƙo cewa ku biya kuɗi domin shafinku ya fara kawo riba, kada ku aika masa ko sefa biyar.

Wurin kyauta kuma ba shi da tabbas. GeoCities, wanda aka buɗe a 1994, ya taɓa ɗaukar shafukan miliyoyin mutane, amma a 2009 kamfanin Yahoo ya rufe shi, waɗanda ba su ajiye kwafi ba da yawansu suka rasa aikinsu. Don haka ku ajiye fayil ɗinku a wuri biyu, a waya da katin ajiya, rubutun kansa kuma ku kwafe shi da alƙalami a littafinku na aji.