AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Waya Tana Zafi, Shafi Ya Ƙi Tafiya

TAMBAYA: Ni manomin rani ne, ina da 'yar fadama a gefen Tamburawa, kuma ina taɓa fataucin tumatir da albasa a Kwanar Gafan. Wayata ce ta dame ni. Duk sa'ad da na buɗe Chrome don in duba labarin kasuwar Legas ko in karanta labarai, sai ta ɗau zafi kamar an ɗora ta a murhu. In na ja shafi da yatsa sai ya cije, sai can ya zabura ya wuce inda nake so, kafin azahar kuma caji ya ƙare. Na sayi data har sau uku ina zaton ita ce, na canja layi, duk a banza. Wani mai gyara ya ce sai an yi mata filashin, alhali lissafin bashin da nake bin mutane da hotunan rasit duk suna ciki. Don Allah ku ba ni shawara. Daga mai sauraronku a kullum, Dawakin Kudu, Jihar Kano.

AMSA: To Malam, mun gode ƙwarai da wannan takarda taka. Kafin kome, ka dakata da maganar filashin ɗin nan tukuna, kada kuma ka ƙara sayen data saboda wannan matsala. Bisa ga yadda ka bayyana, mun fi zaton ba layi ne ke da laifi ba, aiki ne ya yi wa wayar yawa.

Bari mu ɗauko misali daga abin da ka fi mu sani. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, ruwa ke biyo babbar magudana yana shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Idan gonar mutum ba ta sha ba, ɗayan biyu ne: ko ruwan ne bai iso ba, ko kuwa ya iso amma injin da zai ɗaga shi ne ya gaza. To sabis na kamfanin waya shi ne magudanar, data kuma ita ce ruwan. Injin kuwa yana cikin wayarka, wani ɗan ƙanƙanin abu ne da bai fi farce ba, masu gyara suna ce masa firosesa, watau ƙwaƙwalwar waya. Shi ne ke karɓar duk abin da ya zo, ya jera rubutu, ya zana hoto, ya motsa bidiyo. Kai ka yi ta ƙara ruwa ne, alhali injin ne ke haki.

Akwai kuma abokin aikinsa da ake kira ram. Shi kamar filin shanya ne a bakin injin casar shinkafa a Kura. In filin ƙarami ne, dole a kwashe wannan kafin a baza wancan, aiki ya yi ta tsayawa ko da injin lafiyarsa ƙalau. Ƙananan wayoyin itel da Tecno da suka fi yawa a hannun jama'armu, da dama ram ɗinsu gigabayit 2 ne ko 3, shafukan zamanin nan kuwa sun yi nauyi, matsakaicinsu ma ya haura megabayit 2.

Dalilin cijewar da kake gani shi ne wannan. Sa'ad da ka ja shafi da yatsa, ba takarda ce ake turawa sama ba, wayar ce ke sake zana fuskarta gaba ɗaya, kamar sau 60 a cikin daƙiƙa guda. In ƙwaƙwalwar tana da sarari, ido ba ya ma lura. Amma in a daidai wannan lokaci tana fama da tallace-tallace biyar masu motsi, da wani bidiyo da ya kunna kansa a ƙasan shafi, da wasu ɓoyayyun umarni da masu talla ke cusawa don su san abin da kake kallo, to sai ta kasa cika adadin. Nan ne za ka ga shafin ya tsaya, sa'an nan ya yi tsalle. Zafin da kake ji kuwa gumin aikin ne, shi ne kuma ke shanye cajin.

Yanzu ga gwaji wanda ba zai ci maka ko kwabo ba. Ka buɗe shafin da ya saba ba ka wahala, ka jira ya gama buɗewa, sa'an nan ka danna alamar jirgin sama don sabis ya yanke. Ja shafin sama da ƙasa. Idan ya tafi sumul, to kayan da ke ta kwararowa ne, musamman talla, ke shaƙe wayar. Idan har yanzu yana cijewa, to ka wanke kamfanin layi daga zargi, domin babu sabis ma a lokacin. Bayan haka ka maido da sabis, ka buɗe wani shafi marar nauyi, alal misali Wikipedia ta Hausa, wadda ba ta ɗauke da talla. In wannan ya tafi daidai, ka gane wancan shafin ne mai laifi, sai ka nemi labarinka a wani wurin. Wasu shafukan labarai, gaskiya, tallan da ke cikinsu ya fi labarin yawa, kuma ba su cancanci datar talaka ba.

In kuwa kowane shafi cijewa yake yi, sai mu shiga rage wa wayar kaya. Duba saman Chrome, kusa da inda ake rubuta adireshi, za ka ga ɗan akwati da lamba a ciki. Wannan lamba ita ce yawan shafukan da ka buɗe ba ka rufe ba. Duk mahaɗin da aka turo maka ta WhatsApp ka danna, sabon shafi ke nan. A wayar wasu lambar takan wuce 99, har akwatin ya daina ƙirga ya koma nuna fuskar dariya. Gaskiya ne wayar takan kwantar da mafi yawansu barci, amma na baya-bayan nan da masu sauti suna nan suna cin wuri. Danna akwatin, ka rufe duka in ban da wanda kake bukata. Haka nan ka rufe Facebook da TikTok da sauran manhajojin da ka bari a baya, sa'an nan ka kashe wayar ɗungurungum ka sake kunnawa. Mutane da yawa sai su yi wata guda ba su kashe waya ba, sai dai in caji ne ya kashe musu.

Sai maganar zafi, wadda a ganinmu ita ce ta fi shafar ku manoman rani. An gina ƙwaƙwalwar waya ne ta yadda in ta ji zafi ya yi yawa, da kanta za ta rage gudu don kada ta ƙone. Masu ƙera waya sukan ce a yi amfani da ita a inda zafi bai wuce digiri 35 ba, ka kuwa san yadda ƙasar Kano take daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi kan haura digiri 40 a inuwa ma, balle a tsakiyar fadama. To ka haɗa wannan da waya a cikin rigar roba mai kauri, an ajiye ta a kan buhu a rana ko kusa da injin ban ruwa, ko an jona ta a batirin sola ana caji ana kuma latsawa. Ai ko jaki ne a wannan hali sai ya rage tafiya. Ka cire mata rigar in za ka daɗe kana dubawa, ka koma inuwa, ka rage hasken fuskarta, kada kuma ka yi aiki da ita tana caji. In ta yi zafi ka kashe ta ka bar ta ta huce da kanta. Kada ka sa ta a firji ko ka ɗora ta a kan ƙanƙara, domin raɓa za ta taru a cikinta ta jawo wata ɓarnar. Ka gwada buɗe wannan shafin da asuba, ka kuma buɗe shi da tsakar rana. In ka ga bambanci, ka kama ɓarawonka.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba: maɓallin tattalin batir. In yana kunne, shi ma yakan rage wa ƙwaƙwalwar ƙarfi da gangan. Yana da amfani ranar da kake nesa da caji, amma ka san abin da ka saya da shi.

Daga nan sai ka leƙa rumbun ajiyar wayar. In ya cika maƙil da bidiyon biki da na wa'azi da na barkwanci da ake turowa a zaurukan WhatsApp, wayar takan yi nauyi a kome. Ka goge waɗanda ba ka bukata ko ka mai da su katin memori, ka kuma hana WhatsApp sauke bidiyo da kansa. Shi ma Chrome yana da tasa 'yar ma'ajiyar, inda yake tara guntayen shafukan da ka taɓa buɗewa. Ana share ta a cikin saitin waya, a jerin manhajoji, ƙarƙashin Chrome. Amma a nan ka buɗe ido sosai, domin maɓallai biyu ne kusa da juna. Wanda aka rubuta Clear cache shi ne naka, ba ya taɓa kome mai muhimmanci. Ɗayan, mai kalmar data ko storage, yana iya tafiya da shafukan da ka adana, ya kuma fitar da kai daga wuraren da ka shiga da lambar sirri. Kuma ba kullum ake wannan shara ba, sau ɗaya a wata ya isa, don duk abin da ka share sai an sake sauko da shi da datarka.

Muna kuma yi maka kashedi da manhajojin nan masu hoton tsintsiya ko roka, masu cewa za su wanke waya su ƙara mata gudu ko su sanyaya ta. Babu manhajar da ke sanyaya waya. Galibinsu su ma aiki suke ƙara mata, ga tallan da suke jibgowa. In kana da su, cire su. Haka in wani shafi ya fito da jan rubutu yana cewa wayarka ta kamu da ƙwayoyin cuta, danna nan, to ƙarya ce, shafi ba shi da hanyar sanin haka. Rufe shi kawai. In kuma irin waɗannan saƙonni suna faɗo maka ko ba ka buɗe kome ba, alama ce ka taɓa ba wani shafi izinin aiko da sanarwa. Shiga ɗigo ukun da ke saman Chrome, ka je saiti, ka nemi wurin sanarwa, ka toshe duk sunan da ba ka sani ba. Wanda duk ya nemi lambar BVN ɗinka ko lambar da banki ya turo maka da sunan gyaran waya, ɓarawo ne.

Wataƙila wani ya ce maka ka kunna tsarin rage nauyi na Chrome. Da can akwai shi, amma kamfanin Google ya cire shi a 2022, kada ka wahalar da kanka wajen nema. Abin da ya rage wa mai ƙaramar waya shi ne irin su Opera Mini, wadda ke fara kai shafi can wurin manyan kwamfutocin kamfaninta a matse shi kafin ya iso gare ka, tana kuma da abin toshe talla. Don karanta labarai da duba farashi ta wadatar, ko da yake wasu shafukan sukan fito a karkace. Harkar kuɗi kuwa ka bar ta a manhajar bankinka ko lambobin da ake dannawa. Ka kuma riƙa sabunta Chrome ɗin a Play Store, sai dai in wayar ta tsufa ƙwarai har sabo ya daina zuwa mata.

Ga masu sauraronmu da ke da kwamfuta, irin sakatarorin ƙungiyoyin manoma da masu shagon cike takardun jarrabawa, su abin ya fi sauƙi. A kwamfuta mai Windows, in kana cikin Chrome ka danna Shift da Esc tare, zai fito maka da jerin kowane shafi da yawan ƙarfin da yake ci, sai ka rufe wanda ya fi haɗama. A cire 'yan ƙare-ƙaren da aka liƙa wa burauzar, ɗaya bayan ɗaya, har a gano mai laifi. A kuma kai ta a busa mata fanka bayan hunturu, don ƙurar da ke toshe ta kaɗai ta isa ta sa ta zafi da nawa. Mai Windows 7 kuma ya sani tun farkon 2023 Chrome ya daina aiko masa da sabo.

Mu dawo kanka Malam. In ka bi duk waɗannan ba ka ga sauƙi ba, sai ka juya wayar ka duba bayanta. In murfin ya ɗago ko fuskar ta fara ɓanɓarowa, batir ne ya kumbura. Wannan ba abin wasa ba ne, yana iya kamawa da wuta. Ka daina cajinta, ka kai Farm Centre ko titin Beirut a Kano a canja shi. Filashin kuwa shi ne na ƙarshe, kuma ko za a yi, a daren yau ka sami littafi ka kwafe sunan duk wanda kake bi da abin da kake binsa, ka mai da hotunan rasit katin memori, ka tabbata kana riƙe da adireshin Gmail ɗinka da lambar sirrinsa, don za a tambaye ka su bayan an gama. Sa'ad da za ka miƙa wayar kuma ka zare layinka da katin ka sa a aljihu.

Ka sake rubuto mana ka faɗa mana abin da gwajin alamar jirgin sama ya nuna. A gai da mutanen Tamburawa, Allah Ya ba da kasuwa.