Katanga da Darasi: Ina Kuɗin Kare 'Yan Makaranta Ya Kamata Ya Nufa?

Garin Kakau yana bakin babbar hanyar Kaduna zuwa Abuja, a cikin Ƙaramar Hukumar Chikun. Mutanen wannan yanki sun san ma'anar fargaba a makaranta. A watan Afrilu na 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban Jami'ar Greenfield, a watan Yuli suka afka wa makarantar Bethel Baptist, sannan a watan Maris na 2024 aka sace 'yan makarantar Kuriga. Duk a Chikun ne.

Saboda irin waɗannan hare-hare ne Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin samar da kuɗin tsaron makarantu na 2023 zuwa 2026, wanda aka ƙiyasta zai ci Naira biliyan 144.8. Sai dai katanga da maigadi suna tare maharin da ke waje ne kawai. Akwai wani abokin gaba da ke shiga aji a cikin aljihun ɗalibi, wato miyagun ƙwayoyi.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, wanda aka fitar a 2019, ya nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a cikin shekara guda. Tabar wiwi ce kan gaba, sai irin su taramol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana sarrafawa da shigowa da shi a watan Mayu na 2018.

Me ya sa matashi ya fi shiga haɗari? Masana sun gano cewa sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke auna sakamako da danne fushi, ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 25. Sashen da ke neman daɗi kuwa ya riga shi nuna. Ƙwaya tana tunzura wannan sashe ta hanyar ƙara sinadarin dofamin, ta kuma raunana birkin. Daga nan ƙaramar gardama kan zama dambe.

Ba kowane shirin rigakafi ne ke aiki ba. A Amurka an kashe maƙudan kuɗi a kan shirin DARE, wanda aka fara a 1983, inda 'yan sanda ke yi wa yara lacca, amma bincike ya nuna tasirinsa kaɗan ne. Shirin Unplugged kuwa, mai darussa 12 da malamin aji ke koyarwa, yana horar da yaro yadda zai ce a'a ga abokansa ba tare da jin kunya ba. An gwada shi a makarantun sakandare 32 na Nijeriya tsakanin 2015 da 2016 da tallafin Tarayyar Turai, aka ga shan giya ya ragu.

Abin lura shi ne, daga waje kuɗin gwajin ya fito. Horar da malamai, buga littattafan darasi da ɗaukar masu ba ɗalibai shawara suna bukatar kaso tsayayye a kasafin jiha, wanda ake saki kowace shekara. In ba haka ba, yaron Kakau da aka kasa tarewa a aji, a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko a hannun hukumar NDLEA za a tarar da shi, a lokacin da kuɗin gyaransa ya ninka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.