Birnin Gwari: Gidajen Gado Na Jiran Magina

Tun da Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari a ƙarshen Nuwamban 2024, ya karɓi 'yan bindigar da suka ce sun ajiye makamai, ya kuma buɗe kasuwar kara da ta yi fiye da shekara 10 a rufe, labarin da ake ta yi shi ne mutane sun fara komawa garuruwansu. Mai sauraro a Kaduna ko Abuja sai ya ɗauka shi ke nan, an buɗe ƙofa, an share ɗaki, an kwanta. Bai san ɓarnar da damina huɗu ko biyar ke yi wa ginin ƙasa da ba mai kula da shi ba.

Yaɓe ne ke riƙe gidan ƙasa. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka ake bin katanga ana toshe tsaga, ana gyara indararo, ga shi yankin nan ya fi Kano da Katsina samun ruwa. Magidancin da ya koma ƙauyensa a kewayen Randagi, Kakangi ko Dogon Dawa yakan tarar zaure ya rufta, gara ta cinye ƙyaure, rumbu ya zube, ciyawa ta kai ƙugu a tsakar gida.

Fara gyara ba wuya. Wahalar tana tsakiyar aiki, lokacin da aka yaye rufin ɗaki biyu, iyali duka suka cushe a ɗaya. An jingine gadon uwargida a bango an lulluɓe da leda, murhu ya koma gefen tulin yashi, ƙura har cikin miya. A nan ne kuɗi ke yankewa, birkila ya ɗauki cokalinsa ya tafi wani aikin. A nan ne kuma rigimar gado ke tashi: Yaya na so a rushe a sa bulo, ƙane na cewa ɗakin Baba ba mai taɓa shi, wanda ke birni kuwa a sayar kawai a ba shi rabonsa. Buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, don haka gida yakan tsaya rabi bulo rabi ƙasa har wata damina ta riske shi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne shafa wa katangar ƙasa siminti. Simintin ba ya kama ƙasa sosai, danshi ya taru a bayansa, wata rana ya ɓamɓaro da ɓangaren katangar gaba ɗaya. Maginan da can sun san maganin wannan. Suna jiƙa makubar ɗorawa su yi yaɓe da ita, suna haɗa laso da katsin marina, da gashin jima da dafara don saman soro, suna rufi da azarar giginya wadda gara ba ta iya ci.

Abin takaici, Birnin Gwari na da suna a tarihin wannan sana'a, amma 'ya'yanta kaɗan ne suka sani. Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, shi ne ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Da tubali da azara kawai ya tayar da bakan gizo da tulluwan da masana gine-gine daga Turai suka riƙa zuwa suna aunawa suna zanawa. Labarin baka ya ce daga Zariya aka gayyato shi Birnin Gwari ya gina masallaci, kuma a nan ya gamu da ajalinsa, wai don kada ya sake gina wa wani gari irinsa. Ko ma yaya aka yi, garin da ya iya kiran magini irin wannan ya san darajar gini. Masallacin Zariya kansa ya zama izina: ranar 11 ga Agustan 2023 wani sashensa ya rufta ana sallar La'asar, aka rasa rayuka, alhali an riga an ga tsaga a jikinsa.

Yau samun azara ma aiki ne. Dajin Kamuku, da aka keɓe tun 1936 ya kuma zama gandun dajin ƙasa a 1999, doka ta hana sara a cikinsa, giginya kuma tana shekaru masu yawa kafin ta ba da azara mai ƙarfi. Wa ke shuka ta yanzu?

Bai kamata tallafin masu komawa gida ya tsaya ga buhun shinkafa da ɗaukar hoto ba. Ƙaramar hukuma da masarautar Mai Martaba Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II su nemo tsofaffin maginan da suka rage a gundumomi 11 na yankin, a haɗa su da matasa, a biya su ladan koyarwa. Gwamnatin jiha ta kai kwano da katako ga gidajen da aikinsu ya tsaya a tsakiya, kuma ta kai su da rani, kafin ruwan watan Mayu ya sauka.